Allin Ɗinki a Shafin Ƙarshe

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Yaya ƙafar? An ce mini har yanzu ka ƙi yarda da sanda. Allah ya ƙara sauƙi, amma don Allah ka riƙe ta, ba za ta rage maka girma ba. Mu nan muna lafiya. Babbar 'yarka ta zo mini da tagwayenta makon jiya, sun yini suna juya mini keken ɗinki har suka karya allura. An gyara rufin da yake yoyo, aiki kuma yana shigowa daidai gwargwado. Ka yi haƙuri da rubutun, ni na yi da hannuna. Malamarmu ta makarantar manya ta ce haruffana suna tafiya kamar masu dawowa daga kasuwa da kaya, amma dai suna isa gida.

Saƙonka ya iso, cewa ƙarshen wata za ka zo ka ɗauki ɗanka Auta, ko yana so ko ba ya so, ya je ya tsaya maka a shago ya sauya iska. Na gode, Allah ya bar zumunci. Tun da babansu ya rasu ba mu da bango sai kai. Amma ina roƙonka ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka sayi tikitin mota.

Ka san farkon maganar, sai dai a waya ba na iya faɗarta daidai. Ranar da abin ya faru suna sa wayoyin lantarki ne a wani sabon gini, shi da Dogo, abokinsa tun suna yara. Dogo yana saman tsani, Auta yana riƙe da shi daga ƙasa. Ƙafar tsanin ta zame a kan siminti, Dogo ya faɗo, bai kai asibiti ba. Kowa ya ce ba laifin Auta ba ne, har mahaifiyar Dogo ta zo da kanta ta faɗa masa haka. Bai amsa wa kowa ba. Daga nan ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa. Ba ya fita sai banɗaki, wayarsa a kashe, labule a sake. Ni ce nake ajiye masa abinci a tire bakin ƙofa, in dawo in tarar ya taɓa kaɗan. Watanni muka yi a haka. Yayarsa, uwar tagwayen nan, ta kai shi wurin likita sau ɗaya, yana shan maganin da aka ba shi, amma maganar dai ba ta dawo ba.

Akwai ɗakin karatu a bayan tashar bas, bene ne na sama, ƙarƙashinsa mai gyaran takalma. Malamarmu ce ta taɓa kai mu aka yi mana kati, ni kuwa na jefa nawa cikin gwangwanin maɓallai na manta. Wata rana ina neman maɓalli na gan shi, sai na tuna Auta yana yaro ba ya wuce takarda a ƙasa bai ɗauka ba, har ta ƙunshin sabulu. Na ce bari in gwada. Na hau benen nan ina haki, na tarar da matar da ke kula da wurin, wadda yara suke kira Mai Tabarau. Ta tambaye ni wane irin littafi ɗana yake so. Yaya, na san girman wuyan rigarsa ba tare da na auna ba, na san ba ya cin albasa, amma ban san wannan ba. Ni a zatona littafi iri biyu ne, na makaranta da na addini. Ashe kanta-kanta ne har rufi, kowace da irin nata: na tarihi, na tafiye-tafiye, na soyayya, na waƙoƙi, na ban dariya, na taurari, na kiwo, na masu binciken kisan kai, har da na yadda ake gyara famfo. Ta ce tun da ban sani ba, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kama shi za mu gani.

To ka san ni da tsoro. Na ce a raina yaron da yake cikin wannan hali ba zan miƙa masa littafin da wani ya mutu a ciki ba. Karatuna kuma ba shi da sauri, sai na bi da yatsa, littafi ɗaya zai iya cinye mini wata. Sai na samo dabara: kowane littafi in buɗe shafin ƙarshe in karanta. In an ƙare da dariya ko aure ko an koma gida lafiya, in ɗauka. In na ga kuka ko kabari, in mayar. Mai Tabarau ta ce ta yi shekara da shekaru a wurin nan ba ta taɓa ganin mai shiga littafi ta ƙofar baya ba sai ni. Na ce mata mu teloli ta ciki muke duba riga, ba ta waje ba.

Haka na riƙa ɗora littafi a gefen tire. Na kai masa na ban dariya, ya fito tare da kwano ko buɗe shi ba a yi ba. Na kai na soyayya, ya fito da alamar gindin kofin shayi a bangonsa, sai da na goge na ba Mai Tabarau haƙuri. Na kai na tarihin wata tsohuwar daula, na kai na wani da ya zaga duniya a kan keke, na kai na kiwon kaji ko zai yi sha'awar sana'a. Duk sun dawo. Na taurari ne kawai ya kwana a ɗakin, na yi ta murna, da safe na ga ashe ƙafar tebur ya tokare da shi. Su kuma na masu bincike ban taɓa ba shi ba, don tun shafin farko ake tsintar gawa. Sai dai in gaya maka gaskiya, ni suka kama. Na ɗauko ɗaya don in tabbatar bai dace da shi ba, ban ankara ba na ƙone tukunya ina son in san wa ya sa guba a shayin attajirin. Yanzu karatuna ya ƙara sauri, na karanta da yawa, kuma sau tari nakan rigayi ɗan sandan ganewa.

Ranar da na yi kuskuren, sauri nake yi, akwai mai jiran ɗinkinta. Na zaro wani siririn littafi mai hoton kwalekwale a bango. Shafin ƙarshe wani masunci ne zaune bakin ruwa da safe yana ɗinke raga, 'yarsa tana miƙa masa zare, rana tana fitowa. Na ce wannan lafiya lau ne, har da ɗinki a ciki. Mai Tabarau tana can tana fama da 'yan makaranta, mataimakiyarta ce ta buga mini hatimi. Na ɗora a tire. Tire ya fito, littafi bai fito ba. Washegari ma haka. Da kwanaki suka wuce na kasa haƙuri, na koma in tambayi wane irin littafi ne wannan, ko akwai 'yan'uwansa. Mai Tabarau ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce labarin gaskiya ne, masuncin da kansa ya ba da shi aka rubuta. Shi ne yake tuƙa kwalekwale ranar da ya kife, ƙaninsa ya nutse a gabansa, kuma littafin daga farko har kusan ƙarshe a kan shekarun da ya yi ne bai iya kallon ruwa ba.

Ban san yadda na sauko benen nan ba. Mai gyaran takalma ya ce na wuce shi takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Duk hanya ina cewa ni da hannuna na kai wa yaron nan abin da zai ƙarasa shi. Na iso gida da niyyar in buga ƙofa in karɓe littafin ko da faɗa ne. Da na zo bakin ƙofar sai na ji kuka. Ba ƙaramin kuka ba, irin na yaro wanda numfashinsa yake sarƙewa. Yaya, ko ranar da aka binne Dogo bai yi hawaye ba. Na ɗaga hannu zan buga, sai na fasa, na zauna a ƙasa na jingina da bango. Ban san me ya hana ni ba, don ka san ba halina ba ne.

Can da la'asar ya buɗe ya gan ni zaune. Ya tambaye ni ko tun yaushe nake nan, na ce yanzu na zo, ya ce ƙarya nake yi, ga shatin tabarmar ƙofa a ƙafata. Ya zauna kusa da ni da littafin a hannu. Ya ce tun da abin ya faru kowa cewa yake ba laifinsa ba ne, ya yi haƙuri, ya manta, shi kuwa hannunsa ne a kan tsanin, ya san abin da ya ji lokacin da ya kuɓuce. Ya ce mutumin nan na cikin littafi shi ne na farko da bai ce masa komai ba, ya dai faɗi nasa, kuma nasan iri ɗaya ne, har da yadda mutum yake jin haushin masu yi masa kirki. Na ce masa ban san abin da ke ciki ba, da na sani da ban kawo ba. Ya ce ya sani sarai. Ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mini farin alli a ƙarƙashin kowane layi, allin ɗinkina, inda yatsana ya bi. Ya ce duk littafin da na kawo haka yake zuwa, gabansa fes, bayansa alli, tun na biyu ya gane ana tace masa. Sannan ya tambaye ni don girman Allah me ya yi mini da zan haɗa shi da kiwon kaji. Na yi dariya ina share ido, shi ma bakinsa ya ɗan motsa.

Bayan kwana biyu ya ce in ba shi katin, tun da ni ban iya zaɓe ba. Ya yi wanka, ya sa rigar da ta yi masa yawa yanzu, ya fita da rana tsaka. Na ce ba zan bi shi ba. Na bi shi, amma daga nesa, na tsaya wurin mai gyaran takalma ina cewa a duba mini ɗinkin da ba abin da ya same shi. Ya daɗe a sama. Ya sauko da littattafai uku: waƙoƙin wata mata da ta rasa mijinta, labarin wani likita, da wani na barkwanci da ya ce nawa ne, in huta da gawarwaki. Tun daga bene ya hango ni, ya ce in zo mu tafi kafin in sa a ɓata takalmi mai kyau.

Daga baya Mai Tabarau ta gaya mini abin da shi bai faɗa ba. Ashe masuncin yana da littafi na biyu, kan yadda ya koma ruwa. Auta ya tambaya, ta duba ta ce yana nan a kantar can ta sama, kusa da rufi. Akwai ɗan tsanin ƙarfe da suke amfani da shi. Ta jawo shi, ta ce ko ya hau, ko ya riƙe mata ta hau. Ta ce ya tsaya yana kallon tsanin, ya sa hannuwansa biyu a aljihu, ya ce a bar shi tukuna, zai fara da na ƙasa. Ba ta matsa masa ba, ba ta kuma sa an sauko da shi ba. Ta ce mini littafin ba inda zai je.

To Yaya, ga inda muke. Ba zan ce maka ya warke ba. Bai koma aiki ba, akwai ranakun da ƙofar take rufe har yamma, kuma ina nan ina kasa kunne kamar da. Amma yana cin abinci a falo, ya kunna wayarsa, ya koma wurin likita da ƙafarsa, kuma duk mako yana hawa benen nan. Idan ka zo ka ɗauke shi yanzu zai bi ka, don ba ya yi maka musu, sai dai ina tsoron wani ɗakin zai samu a can ya rufe. Roƙona shi ne ka ɗaga masa ƙafa. Ka bar masa gurbinsa a shago in da hali. Ranar da littafin nan ya sauko daga kantar sama ta hannunsa, ni da kaina zan rubuto maka, in ya ce yana son zuwa ni zan haɗa masa jaka. Kai dai ka zo mana ziyara, ka zo a matsayin kawu, kuma kada ka ce masa ba laifinsa ba ne. Ya ji wannan ya ƙoshi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata zanen da ta aiko na ɗinka, ya yi mini. Ka gaida Malamin Lissafi da amaryarsa, da Ƙaramar Likita, da Sarkin Ɓarna wanda na ji ya fara tafiya. Babbar 'yarka da tagwaye suna gaisuwa. Auta ma ya ce a gaishe ka, da bakinsa ya faɗa, ba ni na ƙara ba.

Yanzu da yamma in na rufe keke yakan karanta mini littafin masuncin daga farko, a hankali, ya ce sai na ji abin da na tsallake. Ya kuma aro mini sabon na masu bincike, amma kafin ya ba ni sai da ya ɗauki fil biyu a kan kekena ya maƙale shafukan ƙarshe. Ya ce zai duba alli. Ina tsakiya yanzu, ina zargin direban, kuma fil ɗin suna nan inda ya sa su.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Taka ƙanwa,
Maman Auta