Rasuwar Alwyn Triffitt, Mai Kwantar da Injinanmu Kafin Sanyi

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Masunta da Masu Jiragen Ruwa ta Miena tana sanar da 'ya'yanta, da maƙwabtan da ke kewayen Babban Tafki, da duk wanda ya taɓa jefa fatsa a ruwan nan, cewa ta sami labarin rasuwar dattijonta, tsohon shugabanta, ɗan ƙungiya na dindindin, kuma uban duk wani inji da ke gaɓar nan, Mista Alwyn Triffitt, wanda ya cika ranar Talata a Launceston yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan gajeriyar rashin lafiyar da shi kansa ya dage cewa mura ce.

An ɗora mini rubuta wannan saƙo ne saboda ni ne kakaki, kakakin ma an ba ni ne don bakina ba ya rufuwa, ba don ilimi ba. Tun ina yaro na gudu daga makaranta, malamai kuma ba su ɓata takalminsu wajen nemana ba. Babbar 'yata ta ce in kawo ta gyara mini, na hana, domin marigayin ya riga ya saba da shirmena.

Shekaru aru-aru, da zarar an rufe kamun kifi sanyi ya fara cizon kunne, marigayin yakan bi mu gida-gida da tsohuwar motarsa da akwatin sifana, yana kwantar da injinan jiragenmu. Kowa a tudun nan ya san ruwan da ya daskare a cikin inji yakan kumbura ya tsaga ƙarfe kamar ƙwai, abin da ƙanƙara ta bari kuma tsatsa ta cinye kafin Agusta, watan da ake sake buɗe kamun kifi. Bai taɓa karɓar ladan da ya wuce kofin shayi ba, bai kuma taɓa yarda ya koya wa kowa ba. In ka roƙe shi sai ya ce, "Kai dai riƙe mini bokiti, kada ka yi tunani." Duk da haka babu wanda bai taɓa karambanin sa hannu ba a cikinmu, babu kuma wanda bai sha faɗa ba.

Nasa jirgin, na katako, wanda ya ƙera da hannunsa a shekarar aurensu, shi yakan bari a ƙarshe. Bana ya gama na kowa, ciwo ya riga shi isa ga nasa. Washegarin rasuwar aka ce a rediyo ƙanƙara mai ƙarfi za ta sauka ranar Juma'a. Na kira uwargidansa, Misis Noelene, in yi mata gaisuwa, ta katse ni ta ce, "Kelvin, ajiye ta'aziyyar nan tukuna. Akwai ruwa a injin Alwyn. In ya fashe ba a ƙera irinsa yanzu, ni kuwa ban gama shiga tafki a jirgin nan ba."

Ranar Alhamis muka taru a bayan gidan marigayin, manyan ƙungiya kowa hannu cikin aljihu, muna kallon injin kamar shi zai yi mana bayani. Can sai ma'ajinmu, Mista Barry Hazelwood, ya ce, "Ni dai na san sai an ɗumama shi kafin a canja baƙin mai, don a kan haka Alwyn ya ce mini sakarai." Misis Dulcie Pybus ta ce, "Kai ka ci sa'a. Ni a gaban surukina ya wanke ni tas, da na bar tanki rabi. A cika shi, a zuba maganin hana fetur lalacewa." Mista Trevor Lovell, wanda ba ya magana sai dole, ya ce nasa laifin bai fesa mai a kafireta har injin ya yi hayaƙi ya mutu da kansa ba. Ni kuwa kasona na faɗan a kan wayar ƙarfe ne: in an kwance notin zubar da ruwa aka ga bai fito ba, ba ƙarewa ya yi ba, tsatsa ce ta toshe ramin. Na zura waya, jan ruwa ya ɓalle ya cika mini takalmi. Barry ya ce, "Yau dai ka yi wanka, Kelvin." Ashe da muka haɗa faɗan da kowa ya sha, aikin ya cika cif. Aka ɗura jan ruwan hana daskarewa, aka shafa giris, aka cire batir, aka lulluɓe da tamfol.

Misis Noelene na zaune a kujera da tukunyar miyar kabewa tana kallonmu. Da muka gama ta ce, "Da yana nan da ya ce kun ɓata komai." Sannan ta miƙo mana kwanoni. Da safiyar Juma'a kwanon ruwan karenta ya daskare har ƙasa, injin kuwa yana kwance lafiya lau.

A madadin shugaba, da kwamitin gudanarwa, da dukkan 'ya'yan wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai girma uwargidansa Misis Noelene Triffitt, da ɗansu Grantley, da 'yarsu Raelene, da jikoki, da sauran dangi na nesa da na kusa, muna roƙon Allah ya ba shi hutawa, ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi, ya kuma ɗumama musu gida a wannan hunturu na farko ba tare da shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da hantsi a Bothwell. Iyalan sun ce kada a kawo furanni, sanyi zai kashe su. Sai dai duk wanda yake da sauran faɗan Alwyn da ba mu yi amfani da shi ba, ya taho da shi, domin a Agusta Misis Noelene za ta shiga tafki, kuma har yanzu ba mu gano wanda aka yi wa faɗa a kan tada injin ba.

Kelvin Bannister
Kakakin Ƙungiya
Ƙungiyar Masunta da Masu Jiragen Ruwa ta Miena