Jinin Masu Jinkiri

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ina ganin kiranki. Abin da ya hana ni ɗauka, a waya kina zuba bayani kamar an kunna famfo, ni kuma in yi ta "to, to", in ajiye ban riƙe komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Tambaya ɗaya gare ni. Bara da likita ya ce yayanki yana da sankarar jini, ke kika ce a ƙara wani gwaji, na wani furotin da ke yawo a jini, wai shi zai nuna ko ciwon mai gudu ne ko mai rarrafe. A ɗakin gwajin jini kike wuni, wa zai yi miki musu? Da sakamako ya fito kika zo har gida, kika zauna a bencin da yake goge katako, kika ce abin ƙasa yake, yayanki yana cikin masu sa'a, irin nasa akan yi shekaru ko magani ba a fara ba. Har kika tsokane ni, wai in share hawaye, sai na gaji da wanke masa kaya.

Kin san abin da ya yi da maganarki? Da rani ya kama, ya hau ɗakin kwananmu ya kwance rufin gaba ɗaya. Wai ya gaji da rufa wa mutane ɗaki nasa yana yoyo, zai sa sababbin katako tunda lokaci akwai. Muka kwashe kaya muka koma falo, ban da gado, shi ya gagara, aka lulluɓe shi da leda. Yanzu ga ɗaki nan baki buɗe yana kallon sama, hadari ya fara haɗuwa, mai ɗakin yana ƙasa.

Zazzaɓi ne da tari kawai, Auta. Na sayo masa magani a kemis kamar yadda na saba, tunda an ce muna da shekaru. Ranar da muka kai shi asibiti numfashi ya riga ya gagare shi.

To ki gaya min. Gwajin ne ya yi ƙarya, ko ni ce na zuba masa ido har ya tafi? Kada ki lallashe ni, masu lallashi sun cika min gida.

Ki gaida yara.
Matar yayanki

*

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Na samu saƙonki, ina fatan Allah ya ƙara miki juriya, ya jiƙan Yaya.

Gwajin bai yi ƙarya ba. Bari in bi miki a hankali. Ƙwayoyin ciwon suna zubar da wannan furotin a cikin jini. Idan ya yi yawa, galibi ciwon yana saurin ci gaba. Idan kaɗan ne, galibi yana jinkiri. Na Yaya kaɗan ne, kuma har gwajinsa na ƙarshe bai hau ba.

Sai dai wannan sani an same shi ne daga bin marasa lafiya masu yawa. Yana faɗin abin da kan samu yawancinsu, ba ya yi wa mutum ɗaya alkawari. Sannan saurin sankarar kawai yake nunawa. Ba ya auna garkuwar jiki, wadda wannan ciwo yake raunanawa ko da yana tafiya a hankali. Shi ya sa ƙaramin zazzaɓi kan zama babba a jikinsu. Abin da ya ɗauke Yaya ciwon huhu ne, ya samu jikin ba mai tsaro.

Rai na Allah ne, kada ki ɗora wa kanki. Batun rufi kuma, maigidana ya ce zai turo masu aiki.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Muna nan yadda kika sani.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Na kai wa maƙwabciyata malamar makaranta, ko ni ce ban iya ba. Ta karanta ta ce hannunki da kyau.

Duk wannan bayani ina yake ranar da kika zauna a benci? A jaka kika bar shi? Da kin ce min zazzaɓi a jikin mutumin nan ba irin na kowa ba ne, wallahi ko goyo ne da na goya shi na kai shi a ranar. Likita ma haka. Mu yi layi tun safe, a ɗebi jini, ya dubi kwamfuta ya ce abin bai motsa ba, sai wani zuwan. Mu fito yayanki yana taƙama, wai jininsa ya fi na samari. Kowa jinin yake dubawa. An ba ni rabin magana, na riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwai.

Ban tambaye ki labarin marasa lafiya masu yawa ba. Miji ɗaya gare ni.

Kuma kin tsallake rabin tambayata. "Kada ki ɗora wa kanki" shi ne abin da kowa yake faɗa yana laluben takalminsa a bakin ƙofa. Ke ba baƙuwa ba ce. A hannuna kika yi 'yan matancinki, na san lokacin da kike kewaye-kewaye.

Ki yi wa maigidanki godiya, amma kada a turo kowa. Ba mai hawa ɗakin nan.

Sai na ji daga gare ki.
Matar yayanki

*

Anti,

Ina gaishe ki. Kin kama ni.

Ranar benci na ga yadda kika rame, na so in ga dariyarki, sai na faɗi mai daɗin na haɗiye sauran. Ga kuma abin da na kewaye.

Washegarin da zazzaɓin ya fara, Yaya ya kira ni yana tambayar wane maganin tari ya fi. Iska tana kaɗawa a wayar, na gane yana saman gini. Na ce ya sauko ya tafi asibiti a ranar. Duk abin da na rubuta miki na garkuwar jiki na faɗa masa, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ke Auta, ba ke kika ce jinina na masu jinkiri ba ne? Bari in ɗora katakon nan kafin ruwa ya sauko, matata ta gaji da tara bokiti."

Ya ce jibi zai je, kuma kada in tayar miki da hankali. Tun ina ƙarama ban iya ƙetare maganarsa ba. Lambarki tana cikin wayata, ban kira ba.

Ba ke ba ce, Anti. Ke ba ki sani ba. Shi ya sani, ni ma na sani. In kin ce kada in ƙara taka gidan, ba zan ga laifinki ba.

Allah ya huci zuciyarki.
Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Na jima ban amsa ba, na sani.

Na so in yi wa yayanki faɗa, ban san inda zan same shi ba.

Jiya ruwan farko ya sauka, iska ta yaye ledar, katifa ta sha ruwa. Abokin aikinsa ya zo ya duba katakon, ya ce duk yayanki ya riga ya yanke su daidai, ɗorawa kawai ya rage. Na ce ya ɗora. Amma sai an fitar da gadon tukuna, kuma kin san shi ya ƙera shi, nauyinsa kamar taurin kansa.

Ki zo ranar hutunki. Ban ce na huce ba. Gadon ne mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi.

Matar yayanki