Gwiwar Nasiru

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Alhaji?

Nasiru ya gurɗe gwiwa a filin ƙwallon Dingaya. Kawu ya kai shi wurin maɗori, aka yi ta gashi har ƙafar ta sandare. Na ce ɗana ba tsire ba ne, na kawo shi Birnin Kudu.

Wata likita mai binciken raunin 'yan wasa ta ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta yage. Na ga jijiyar a hoto, 'yar mitsitsiya, ashe ita ke ɗauke da ƙato. Ikon Allah. Likitar ta koya masa motsa ƙafar kullum, jiya kuwa a gabana ya yi sujada.

A taya mu addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta