Alhamis ɗin Rifkatu

Zuwa ga jikana Habu, maigidan da bai taɓa yi mini cefane ba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Kai da masu leƙen wasiƙar mutane, ku canka mini wannan: ya shigo gari riƙe da zanin korona, ita ta tafi, shi ya zauna. Ba tari, ba zazzaɓi. Mene ne?

Ka tuna zuwanku Jigwada da takardun bincike, kuna tambayar mata ko suna cikin baƙin ciki? Kowacce ta ce lafiya lau. To da me za ta ce wa baƙo? Ni na ce ku tambaye su rabonsu da kitso. Ranar ce maƙwabciyata Rifkatu mai ɗinki ta zame ɗankwali. Tun kullen korona da ya ci shagonta, mijinta kuma ya rasu a ciki, ba ta tsefe kan nan ba.

Duk Alhamis kuna zuwa zaurena, likitarku tana ganinta. Sai kuɗin aikin suka ƙare. Ka ce masu bayarwa sun fi son cutar da ake gani a jini ko a hoto, ga shi wannan aikin sai an yi shekaru ana bin mutum. Ka tattara ka koma aikin banki a Abuja. Ban ga laifinka ba.

Rifkatu dai ba wanda ya faɗa mata aikin ya tsaya. Har yanzu tana zuwa. Sai in ɗauko ragowar takardarku, in ɗora tabarau, in hau yi mata tambayoyi kamar ma'aikaciya. Ni da na tsaya a aji huɗu! Rabi karatu, rabi ƙirƙira. Amsoshin ne ban san inda zan kai su ba.

Makon jiya ta ba 'yar ƙanwarta keken ɗinkin, ta ce ita ta gama da shi. Ta kawo mini tukwanenta biyu, wai in ajiye, ba sai na mayar ba. Rabon kayan nan ya yi mini kama da bankwana da duniya. Yanzu sau uku nake leƙa ta a yini, da sunan aron gishiri.

Ka sake rubuta wa masu kuɗin nan. In hoto suke so, su zo su ɗauki gurbin keken a ɗakinta. Kafin su amsa, turo mini lambar likitar nan yau, ba gobe ba.

Allah ya tsare mini kai, ya ba ka mata mai rabin haƙurina.

Kakarka,
Iya Dije

Amsar kuwa, ciwon damuwa ne. Yana da magani, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da shi.