Kujerar sallarki ta samu wuri a jirgi

Hajiya Kaka, uwargidana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya gwiwar nan? Ya su Baba da yaran gida? Ina fata kowa lafiya.

Jirgin ruwan maigidana Alhaji da zai kawo mu gida, wanda iska ke turawa, ya kusa shiryuwa. Mun kankare gindinsa, mun ɗinke ƙyallen da ke tare iska, mun cika tankunan ruwa, don sai mu yi makonni ba mu ga ƙasa ba kafin Legas.

To, bakina ya ja mini. A masallacin Tottenham, nan ƙasar Turawa, na ce da wasa muna kai saƙo gida kyauta. Washegari sai ga mutane da jakunkuna, har da mai firji! Ban iya cewa a'a ba, na loda. Baturen da zai tuƙa mu ya duba, ya ga jirgin ya nutsa fiye da layin da ke jikinsa. Ya ce a sauke komai, kowa jaka ɗaya tak. Haka na yi ta bin bas ina mayar wa mutane kayansu, ina shan tsiya.

Saura kujerar sallar da na yi miki alkawari. Ya ce ko ita ko jakata. Na ajiye jakar.

Saboda haka in kin ga mijinki ya iso da riga ɗaya, kar ki yi yaji.

A sa mu a addu'a, teku ba kududdufi ba ce. A gaida Goggo Rabi.

Jikanki,
Sadiƙu