Neman Aure a Gaban Kaka Harmen

Enkhuizen, Litinin

'Yata Roelien,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Tarin autarki ya lafa? Ni ƙalau nake, sai gwiwar nan da ta raba ni da keke.

Kin san Wiebe mai gyaran kwale-kwale. Tun rasuwar babanki, duk Lahadi sai ya kawo mini kyafaffen kifi, ya sha kofi, ya yi ta murza hularsa, ya tashi bai ce komai ba. Kada ki yi dariya, ina son mutumin nan. Ga shi ɗansa ya matsa masa ya koma wajensa Groningen ƙarshen wata.

Jiya na gaji, na tuna masa al'adar gidanmu: mai son 'yar gidan nan sai ya tsaya gaban zanen kakanmu, Kaka Harmen, ya cire hula, ya faɗi abin da ya kawo shi. Zanen ya bar falonmu ya koma gidan tarihi, amma al'adar tana nan. Da jin haka, kofi ya sarƙe Wiebe. Laraba za mu je gidan tarihin. In ya yi shiru a can ma, na haƙura.

Mamanki,
Aaltje

Enkhuizen, Alhamis

'Yata Roelien,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun tashi lafiya.

Mun je. Tsohon yana nan yadda kika san shi, baƙar riga, farin wuyan riga mai tattara, jan hanci, yana hararar mutane kamar sun taka masa fure. Ɗakin kuwa cike da 'yan makaranta. Wiebe ya cire hula, ya dube su, gumi ya karyo masa. Sai ya ga dabara ce ya raɗa wa Kaka a kunne. Yana kai baki kusa da fentin, ƙararrawa ta ɗauka!

Wata mai gadi ta sheƙo tana tambayar me yake nema jikin zanen. Kin san kunnensa da nauyi, ga ƙara. Sai ya kwarma mata cewa Aaltje yake nema, aure, in tsohon ya yarda. Yara suka ɗauki tafi. Wata 'yar ƙarama ta leƙa zanen ta ce ai bai ce a'a ba. Na yi dariya har da hawaye, na ce na yarda.

Amma ban bari an sa rana ba. A gaban zanen nan babanki ya tsaya, kuma ke kaɗai kika rage mai jin zafin rashinsa kamar ni. Wiebe ya ce ya riga ya sha kunyar duniya, saura ɗaya ba komai. Asabar zai hau jirgin ƙasa ya zo ƙofarki neman yardarki, hula a hannu. Ki yi masa magana da ƙarfi, 'yata, ta kunnen dama.

Mamanki mai ƙaunarki,
Aaltje