Baƙin Gilashi a Hannun Hauwa

Suleja, daren Talata

"Yaya, kin ce babu hoto a ciki, ko?" in ji Hauwa, ina miƙa mata wayar.

Na ce babu. Na daɗe ina gina manhajar nan don masu ƙyamar fuskarsu. Na cire kyamara, na zuba kalamai masu taushi, har ina yaba wa kaina. Ƙanwata Hauwa na bai wa ta fara gwadawa, ita da man bilicin ya ƙona wa kumatu. Tun bayan sallah ba ta leƙa waje ba, madubinta ma ta kife shi.

Ta danna. Sabis ɗin unguwarmu ta Hashimi ya yi halinsa, shafin farko ya tsaya cak. Baƙi wuluk na zaɓa masa, wai ba ya cin caji. Ashe baƙin gilashi madubi ne. Duk bokona ban hango wannan ba.

Ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta ɗora yatsa kan tabon.

"Ashe ya ƙara duhu," ta ce a hankali. Ta kifa wayar kan katifa. "Ta yi kyau, Yaya. Allah ya sa ta amfani wasu."

Na ce gobe zan mai da shafin fari. Ta ce to, kamar mai lallashin yaro.

Burina yau in fito da ita ko tsakar gida ne. Ta rako ni bakin ƙofar ɗaki, ta tsaya daga ciki. Ina sa takalmi ta tura ƙofar, na ji ta murza makulli. Na ɗauki jakata na fita.